Baƙin Tungar Maje

Tun bayan azahar Shamsiyya take bakin ruwa tana rataye saƙarta. Ta kafa gorori a jere cikin yashi, daga gindin majen da tungar ta ci sunansa har zuwa inda masunta ke shanya taru, tana bi tana ɗaure bakin saƙar da igiyar rama. Tsayinta ya wuce mutum a tsaye, tsawonta kuwa ya tare mashigin kusan gaba ɗaya, kamar an yi wa tafkin labule.

Tun da ta dawo daga Zariya, inda ta karanta zane da saƙa a jami'a, ba ta da wani aiki sai wannan. Ba da zare kaɗai ta saƙa shi ba. Akwai kabar da ta rina da baba, da karan ciyawar burugu da ta yanko a gefen tafki ta busar a inuwa, da tsohon tarun da kawunta ya yar, da abawar da kakarta ta kaɗa, wadda aka jiƙa cikin laka har ta ɗauki launin ruwan damina. Adon da ke jiki kuwa na tabarmin tsohon garinsu ne, garin da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kwara a Kainji, kakarta Hasiya tana budurwa. Tsohuwar ce ta yi ta faɗa mata: wannan baƙin ratsi hanyar kasuwa ne, waɗannan idanu da ake bari a buɗe tsamiyoyin mashaya ne.

Yanzu ma tana zaune a kan tabarma, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, tana duba aikin da ido ɗaya a kanne.

"Ke ƙawa, kin karkace ta. Tsamiyag ga ba ta taɓa jingina haka ba."

"Iska ce, Kaka."

"Komi iska. Miyar da kika ƙona jiya ma iska ta?"

Shamsiyya ta yi murmushi, ta ƙara jan igiyar. Gobe ne Miracle, ƙawarta ta makaranta, za ta zo daga Abuja da masu ɗaukar hoto, su ga saƙar a wurin da aka yi ta kafin a naɗe ta a kai gidan baje koli. Yayanta Mustapha, mai shagon gyaran waya a Yelwa, shi zai tarbe su ya sa su hanya. Duk wanda ya tambaye ta a tungar, sai ta ce 'yan makarantarsu ne za su zo. Ba ta taɓa cewa baƙi ba. Tun shekarar da aka fara ƙone ƙauyukan tudu, ba wanda ke kiran 'yan bindiga da sunansu a Tungar Maje. Baƙi ake ce musu, shi ma da murya ƙasa-ƙasa.

Ƙarar faɗuwar kwano ta fara ji daga cikin gidaje. Sai kukan yaro. Sai muryar wata mata da ta tsage har ba a gane mai ita.

"Baƙi! Baƙi na nan tahe!"

Igiyar ta suɓuce daga hannun Shamsiyya. Kafin ta juya, mutane sun fara ɓullowa ta kowane lungu, suna kutsawa ta ƙarshen saƙar zuwa ruwa. Wata ta goya jariri a karkace, kansa na lilo. Wani dattijo na gudu da buta a hannu, bai san yana riƙe da ita ba. Ba mai kallon wani. Injinan jirage suka tashi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe mashigin, manyan jiragen suka yanka ruwa suka nufi tsibirin da ake fakewa idan irin wannan ta faru.

"Tahi," Kaka ta ce. "Ke, tahi. Mi za su yi da ni?"

Shamsiyya ta juya mata baya. Ta durƙusa, ta jawo hannayen tsohuwar bisa kafaɗunta, ta miƙe da ita a baya. Nauyinta ya ba ta mamaki. Ƙafafunta suna nutsewa cikin yashi, numfashin Kaka na dukan wuyanta da salati.

Jirgi ɗaya ya rage, na Kawu Arzika, ƙanen innarta. Tsohon jirgin katako ne marar inji, wanda ake zuwa duba komar kifi da shi kusa da gaɓa. Ya riga ya cika da waɗanda manyan jirage suka bari, mata da yara da wata makauniya. Aka matsa aka cusa Kaka a tsakiya. Shamsiyya ta ɗosana a gefe. Da Kawu ya tokara gora ya tura, ta saukar da hannunta ta auna: tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai faɗin tafinta ba.

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gindinsa har ya taɓa ruwa. Can tsakiyar tafki igiyoyin ruwa sun fara fitar da farin kumfa. A wannan hanya ne kuma kututturan tsohon daji suke tsaye a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ko da rana tsaka sai gwani ke kauce musu. Ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katakai yana jiƙa zanen Kaka. Wata mata mai suna Balaraba tana kwashewa da ƙoƙo, amma rabin abin da ta ɗiba cikin jirgin yake komawa. Kaka ba ta iya ko tsayuwa ba sanda. Idan jirgin nan ya kife, ba wanda zai fito da ita.

Sun fara ratsa cikin burugun da ya yi dogon shinge a gaban mashigin, ciyawar ta fi kansu tsayi, sannan Shamsiyya ta samu muryarta.

"Kawu, wa ya gan su?"

Bai ji ba. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

"Ba a gan su ba tukuna," ya ce, yana tura gora. "Mustapha ya kira ni."

"Yaya Mustapha? Me ya ce?"

"Yac ce, Kawu, baƙi sun taso, suna bisa babura, ku shirya. Sai waya tam mutu."

Mustapha ya bar tungar tun yana yaro. Ko da salla, kwana ɗaya yake yi ya koma. A Yelwa, idan mutum ya ce baƙi, baƙi yake nufi, waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma. Ta zaro wayarta daga ƙugu. Babu sabis ko ɗigo.

Amma gobe aka ce za su zo. Kuma da mota. Yelwa gari ne da labari ke fara isa. Wa ya sani ko Mustapha ya ji wani abu a tasha ya kira don ya cece su? Idan ta yi magana jirgin ya koma, aka tarar da waɗancan ne, duk wanda ke cikinsa ita ta miƙa shi. Idan ta yi shiru, ga tafki can yana jira. Ta dubi ƙeyar Kaka, inda ɗankwali ya zame furfura ta fito.

"Kawu, ka tsaya."

"Mi?"

"Ina jin 'yan makarantarmu ne. Su yake nufi. Shi zai sa su hanya."

Wani jariri ya tsala kuka.

"Ji take," Balaraba ta ce, ba ta daina kwasar ruwa ba. "Kun ji, ji take. Ke ɗiyag ga, kin san abin da anka yi ma mutanen innata bara? Su ma ji sunka yi."

"Ba gobe kika ce ba?" Kawu ya tambaya.

"Gobe ne."

"To?"

"Ban sani ba, Kawu. Amma dubi ruwan can. Jirgin nan ba zai kai ba."

Bai duba ba, don ya riga ta sani. Ya kafa gorar cikin laka ya riƙe, jirgin ya tsaya yana rawa a tsakiyar ciyawa. Gumi na bin gemunsa.

"Kar ka koma," ta ce. "Ku tsaya nan, ba mai ganinku. Ni zan je in duba."

"Ba inda za ki," Kaka ta ce, ta damƙe mata zane.

Shamsiyya ta ɓamɓare yatsun tsohuwar ɗaya-ɗaya. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Saurara," Kawu ya ce. "Ina hangen mashigi daga nan. In nig ga abin da ban gane ba, wallahi tura jirgi zan yi. Ɗiyan mutane na ciki. Kin ji?"

"Na ji."

Ta zura ƙafafunta a hankali don kada jirgin ya karkata. Ruwan ya kama ta har ƙirji, da sanyin da ya sa ta haɗiye ihu. Laka ta riƙe takalmanta, ta bar mata su. Ta riƙa buɗa burugun da hannu biyu, ganyen na yankar fatarta, wani abu mai santsi ya goga mata ƙwauri ya wuce. Ba ta tsaya ba.

Tana tsakiyar ciyawa ta ji su. Rurin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, yana gangarowa daga tudu. Ta tsaya cak. Jikinta duka ya ce ta koma. Ta karanta abin da ya zo bakinta na addu'a, ta rasa ƙarshensa, ta sake daga farko. Sai ƙarar ta mutu gaba ɗaya, shirun da ya biyo baya ya fi ta muni.

Inda burugu ya ƙare akwai fili na ruwa kafin gaɓa. Abin da ya raba ta da tungar yanzu saƙarta ce kawai, tana kumbura da iska tana lafawa. Ta sunkuya har ruwa ya taɓa haɓarta, ta ja jiki da gwiwa zuwa gindin wata gora. Ta ɗago a hankali ta sa idonta a ɗaya daga cikin idanun da ta bari a buɗe.

Tungar ta zama kango. Tukunya na tafasa a kan murhu ita kaɗai, kaji sun hau tabarmar da aka shanya gero. A gindin maje babura ne a tsaye, laka ta rufe su har ba a ganin launinsu. Maza na sauka, fuskokinsu a naɗe da rawani, idanu kawai a waje. Ɗaya ya leƙa wata bukka ya fito. Wani dogo ya kwance wani abu baƙi mai tsawo daga bayan babur, ya saɓa a kafaɗa, ya juyo ya nufo bakin ruwa, daidai inda take.

Ta kasa motsi. Tana jin takunsa a kan yashi. Ya zo har tana ganin lakar da ta bushe a ƙafar wandonsa. Ya tsaya yana kallon saƙar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sauke abin daga kafaɗarsa. Ta runtse ido.

Wani ƙaramin ƙas ta ji, sannan wani. Da ta buɗe ido, abin ya buɗe ƙafafu uku ya tsaya a kan yashi, mutumin yana ɗaura masa kyamara.

"Jama'a, ina mutanen garin nan?" wata murya ta ce daga bayansa, muryar mace, da Hausar Kaduna. "Shamsy! Haka ake karɓan baƙi a wajenku?"

Miracle ce, cikin rigar leda ta ruwan sama, tana cire hular kwano.

Shamsiyya ta yunƙura za ta miƙe, santsin laka ya kwashe ta. Ta faɗa jikin saƙar, gorar ta karkata, ta zube rabi a ruwa rabi a yashi. Mai kyamara ya yi tsalle baya yana salati. Masu rawunan, ashe 'yan acaɓa ne, suka sheƙo da gudu, biyu suka kama hannayenta suka fizgo ta daga ruwa, kowa na magana a lokaci ɗaya. Miracle na cewa gada ce ta karye suka bar mota a hanya suka hau acaɓa, mai hoto ne ya nace sai ya kwana a nan don hasken safiya, lafiya, me ya same ta, ina kowa.

Shamsiyya ta fizge ta juya.

Hancin jirgin ya riga ya fita ta bayan burugu. Kawu ya ajiye gora ya ɗauki filafili, yana tuƙi da dukan ƙarfinsa zuwa tsakiyar tafki. Abin da ya hango ke nan: maza masu rawani sun rufar mata sun ja ta.

"Mutanenmu ne," ta ce. "Sun ɗauka... Kakata na ciki."

'Yan acaɓar 'yan ƙasar ne, nan take suka gane. Suka ruga bakin ruwa suna ɗaga hannuwa suna ihu, "Ku dawo! Kai, mai jirgi, dawo!" Ɗaya har ya faɗa ruwa zuwa gwiwa. Daga jirgin kururuwar mata ta taso, filafilin ya ƙara sauri. Ta ga igiya ta farko ta daki gefensa, ya tashi ya sauka, mutanen ciki suka kwanta gefe ɗaya.

"Ku bari!" Ba ta san muryarta na iya fita haka ba. "Ku koma baya! Ku zauna ƙasa, ku cire rawunan nan! Kai, kwantar da abin nan!"

Suka bi maganarta kamar yara. Mai hoto ya kwantar da kyamararsa a yashi ya tsuguna. Ta shiga ruwa ita kaɗai, ta ɗaga hannu biyu.

"Kawu! Kawu Arzika! Lafiya lau ne!"

Iska na busowa daga tafki, ta maido mata da maganar a fuska. Ko da ya ji, ta san abin da zai ɗauka: an sa mata bindiga a baya an ce ta kira su. An taɓa yin haka a wasu wurare, kowa ya sani. Duk kalmar da za ta faɗa, wanda aka kama ma zai iya faɗarta. Ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo mata a goshi. Jirgin na ƙara ƙanƙancewa, ya kusa inda ruwan ke canza launi, inda kututturan suke.

Ta kama hancinta da yatsu biyu, yadda ta ga mata na yi a gidan biki. Ita ba ta taɓa yi ba. Ko a bikin 'yan uwa, bayan ƙofa take tsayawa. Ta ja numfashi ta saki. Abin da ya fito guntu ne, a shaƙe, kamar tari. Ta sake jan iska har ƙirjinta ya yi zafi, ta ɗaga kai sama, ta kaɗa harshe.

Guɗar ta fita siririya, mai kaifi, ta hau kan iskar. Ta ja ta har numfashinta ya ƙare, ta sake wata. Miracle ta shigo ruwan da takalmanta ta tsaya kusa da ita, ta ɗora tata irin ta cocinsu, da tafi a baki. Suka yi ta yi, hawaye da ruwan sama na shiga bakin Shamsiyya.

Filafilin ya tsaya a sama.

Ba ta daina ba. Tana kallon ɗan baƙin abin da ke rawa a kan ruwa, ba ya gaba ba ya baya. Sai daga can nesa, a yayyanke saboda iska, wata guɗa ta amso, ta tsohuwar murya mai karkarwa wadda ta san kanta da aikin.

Jirgin ya fara juyawa. Wannan ne mafi hatsari, don sai ya ba igiyoyi gefensa kafin ya miƙe. Shamsiyya ta saki hancinta ta damƙe hannun Miracle. Igiya ta zo ta rufe shi daga ganinsu. Wani daga cikin 'yan acaɓar ya ce, "Innalillahi." Sai hancin jirgin ya ɓullo, yana fuskantar gaɓa, ƙoƙon Balaraba na walƙiya yana tashi yana sauka.

Iskar da ta hana su tafiya ita ta koro su. Da suka iso bakin burugu ruwa ya kai wa na zaune ƙugu, yara na tsaye a kan cinyoyin iyayensu. Mazan suka shiga suka riƙe jirgin ta kowane gefe, aka riƙa miƙo yara hannu da hannu. Balaraba ta sauka ta wuce Shamsiyya ba ta dube ta ba, ta je ta durƙusa a yashi tana amai. Kawu Arzika ya zauna a inda yake, filafilin a kan gwiwarsa, ya kasa buɗe yatsunsa daga jikinsa.

"Mustapha," ya ce a ƙarshe, da dasasshiyar murya. "Bari in gan shi."

Shamsiyya ta juya baya ta durƙusa cikin ruwa a gefen jirgin. Hannayen Kaka suka zagayo wuyanta, sanyi ƙalau. Ta miƙe da ita, ta fara takawa zuwa tudu cikin ruwan saman da ya sauko sosai.

"Ƙawa," tsohuwar ta ce a kunnenta.

"Na'am, Kaka."

"Wa ya yi guɗa ta hwarin nan? Wadda ta yi kamar an taka wuyan agwagwa?"

"Ni ce."

"Na sani." Ta ƙara ƙanƙame ta. "Shi ya sa nic ce ma Arzika ya juya. Wanda anka tilasta ma, da ya hi haka iyawa."